Goron Mai Waƙa

Shagon Kawu ƙanshi uku gare shi, kuma har gobe ina iya rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Daga bakin ƙofa kananzir ne ke tarbarka, da ɗan mazurarinsa na gwangwani da kwalaben da aka jera a ƙasa. In ka matsa ciki sai sabulun wanki da alawar Tom-Tom da man Robb su karɓe ka. Can ƙurya kuwa, bayan buhun sukari, inda ba a barin yaro ya kai hannu, akwai wani ɗumi-ɗumin warin roba da ke tashi daga jikin rikoda idan ta daɗe tana juyi. National ce, mai ɗaki biyu. Matar Kawu ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda ƙurar hunturu, har da 'yar tagar da za a riƙa hangen kaset yana zagayawa. Batirin mota take ci, shi kuma batirin sai an ɗora shi a bayan akori-kura an kai shi Haɗeja caji, layinmu ya yi tsit har ya dawo.

Wai ni ne yaron nan da ke raɓe a jikin ƙyauren shagon? Ina hangensa daga nan ina mamaki. Siriri, ƙafa duk kaushi, wando mai mazagi ya ɗage har ƙwauri, a hammatarsa wani abu da yake kira gurmi: gwangwanin kifi ne ya rufe da guntun fatar akuya da ya roƙo wurin majema, ya soka masa sanda, ya ɗaura silin wayar birkin keke guda biyu da ya warware da haƙori. Ni da yau ko a wurin ɗaurin aure aka ce in yi wa jama'a godiya sai maƙogwarona ya bushe, shi kuwa ba ya jin nauyin kowa. A gaban mahauta zai yi, a gaban 'yan tasha zai yi, a bakin rijiya ma in mata suka ce ya ɗan taɓa musu sai ya aje guga ya taɓa. Ko ina ya kai wannan ƙarfin halin? Bai rage mini ko kaɗan ba.

Kunne kam yana da shi, wannan na shaide shi. Da daddare, bayan an ci tuwo an hure aci-balbal don kada mai ya ƙare, Baffa zai fito da akwatin rediyonsa ƙofar gida, ya zaro eriya, ya yi ta murɗawa cikin shuuu da ƙiii har Kaduna ta kamu, a yi ta jero gaisuwar Zaɓi Sonka, wane yana gaida wane da wance da dukkan masoya, sai an kusa fid da rai sannan a saki waƙa. Shata da makaɗan kalangunsa. Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Garba Supa da kukuma. Duk yana saurare, amma in aka ce Haruna Uji sai ya daina ko korar sauro. Ga gurmi, ga shi mutumin Haɗeja, ƙasarmu ɗaya, sarkinmu ɗaya, Hausar bakinsa irin wadda muke ji a kasuwa. Ji ɗaya yaron nan yake yi wa waƙa. Kafin gari ya waye ta zauna masa, da safe a hanyar fadama, yana kora jaki, sai ka ji tana fita daga bakinsa har da wuraren da mai ita yake jan numfashi.

Wani tela ne ya jawo sana'ar, saurayi, soyayya ta hana shi zaman keke. Ya zo ya ce wa Kawu shi "Jummai" yake so a naɗa masa, sai dai tasa budurwar ba Jummai ba ce. Kawu ya dubi rikoda, ya dubi yaron bakin ƙyaure. Shi ke nan.

Bayan la'asar ake yi, in ciniki ya lafa. A tura ƙyaure, a toshe ƙasansa da tsumma, a aiki wata yarinya gidan baya ta roƙi mata su ɗan saurara da daka. Kawu zai ɓare sabon TDK mai minti 60, ledar tana ƙaras-ƙaras a hannunsa, ya zura biro a idon kaset ya juya har farin zaren ya wuce, ya goge kan rikoda da auduga da ɗigon sifirit, sannan ya ɗora yatsu biyu a kan maɓallai biyu, ja da baƙi, ya dube ni, ya gyaɗa kai. Zufa tana bin gadon bayana, ɗaki ba iska, kananzir ya cika hanci, ni kuma ina zuba Talatu a gurbin Jummai, gobe Larai, jibi Asabe, kowace ranar aka haifi 'yar mutane akwai inda za ta zauna a cikin karin. Ana tsaka da haka sai zakara ya yi cara. A koma farko. Wani lokacin Kawu ya ce a ƙyale shi, zakaran ma ɗan gari ne, kuma na yi imani akwai tsohuwar da har yau take da kaset a ƙasan adakarta, da sunanta a ciki da kukan jakin liman.

In an gama sai Kawu ya ɓalle ɗan kunnen kaset ɗin don kada wani ya naɗi wa'azi a kai, ya rubuta sunan yarinya da jan biro. Ni kuma a ba ni sule biyu da Tom-Tom.

Ba kuɗin ne suka fi ɗaure mini kai ba, ɗaki na biyun nan ne. Waƙoƙin da na yi yadda suke, ban sa sunan kowa ba, Kawu ya ware musu kaset ɗaya ya kira shi uwa. Duk wanda ya zo, a sa uwa a ɗakin hagu, sabo a na dama, a danna, Kawu ya koma awon kananzir abinsa. Ina gona, muryata tana shago tana aiki. Ranar kasuwa har mutanen Bulangu suna tsayawa su saya. Wata rana ina tafe da dami a ka na ji kaina ina fitowa daga tagar wata motar da ban taɓa gani ba, ta wuce ni da ƙurarta, ta miƙi hanyar Jahun. Na daɗe tsaye a bakin titi. Ko ɗaga mini hannu ba su yi ba.

Mu a wurinmu waƙa kamar wuta ce a unguwa. In taka ta mutu ka ɗauki sakaina ka shiga maƙwabta ka ɗebo garwashi, tasu ba ta ragu ba, taka ta kama, anjima wani ya zo ya ɗiba a wurinka, ba mai tambayar wanda ya fara buga ƙyastu. Ƙannena mata sun taɓa dawowa daga Islamiyya da wata waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mai daɗin kari, gida ya ɗauka, ana shara ana yi, ana tsefe kai ana yi, sai da Yaya ya dawo daga cin rani a Kano, inda ya ƙarar da rabin abin da ya samo a silimar Marhaba da Plaza, ya ji, ya faɗi yana dariya, ya ce wannan ai karin Lata Mangeshkar ne, a fim ɗin ma wata ce take kuka a kan saurayi. Inna ta ce ya rufe mata baki, waƙar ta musulunta. Tun kafin mu Abdu Yaron Goge yana Jos yana juya karin Indiya a kan gogensa, daga baya kuma masu bandiri a Kano suka yi nisa a abin har wasu suka kira kansu Ushaƙu Indiya. Ƙannena dai ko anini ba su aika Bambai ba.

Baba mai kalangu ne ya tare ni. Tsoho ne tukuf tun a lokacin, shi ke yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa, da farin wata kuma ya fito dandali 'yan mata su kewaye shi. Na same shi a gindin darbejiya yana sake ɗaurin kalangunsa, ƙafa ɗaya ta danne kangon, haƙori yana jan igiyar fata, bakinsa ja wur da goro, jikinsa yana tashin man shanu da tabar gari, gularsa a gefe ta yi sulɓi saboda riƙo.

"Kai, ɗan gidan mai shago, zo nan."

Na durƙusa. "Ina wuni, Baba."

"An ce kai ne a cikin akwatin kawunka."

"Ni ne, Baba."

"Waƙar wa kake yi?"

"Ta rediyo ce, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Rediyo yana da maƙogwaro?"

Bai yi mini faɗa ba. Ya ci gaba da jan igiyarsa yana magana, kai ka ce da kalangun yake. Ya ce shi shekara da shekaru ya yi yana ɗaukar wa maigidansa kaya daga wannan biki zuwa wancan, kafin a yarda ya buɗe baki da waƙar maigidan a gaban jama'a. Ran da za a sallame shi aka ce masa ya je duk inda ya ga dama ya yi ta, amma kafin ya ɗora gula ya faɗi mai ita, kuma kwabon farko da ya faɗo gabansa ba nasa ba ne. Har maigidan ya bar duniya yana kai masa. Wata shekarar yunwa ahu kaɗai ya tara, ya ƙulle a haɓar riga ya taka har garinsu, tsohon ya karɓa ya sa masa albarka. "Yaba kyauta tukuici, ɗan nan," in ji shi. Ya ɗauki gula ya gwada fatar, tin-tin, bai gamsu ba, ya koma ja.

Washegari sai ga shi a shago, da sandarsa. Kawu ya ba shi buhun sukari ya zauna, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, mai waƙar nan fa bai san muna duniya ba."

"Shi bai sani ba. Ku fa?"

Kawu mutum ne mai son lissafi, ko bashin ashana sai ya rubuta da ajami a bayan kwalin sukari. Ya kwana yana juya maganar, da safe ya wanke gwangwanin Nido, ya huda murfin da wuƙa, ya ce daga yau duk kaset ɗin da ya fita daga shagon nan da waƙar mutumin Haɗeja, sule ɗaya a nan. Har yanzu ina jin ƙarar, ƙwal, da farko a kan ƙarfe, daga baya a kan 'yan'uwansa, ƙarar tana ƙara dushewa yadda gwangwanin ke ƙara nauyi. Ni kuma aka ɗora mini gabatarwa: kafin in taɓa waya sai in gyara murya irin ta masu karanta labarai in faɗi mai waƙa da garinsu, in ce aro muka yi. Shata kuwa ban taɓa iya ɗaukar muryarsa ba, saboda haka ba ya binmu komai.

In silalla suka cika, Kawu ya mai da su takarda, ya naɗe da zare ya mayar ciki. Sai ga 1984, aka wayi gari soja sun canja launin takardun kuɗi, kowa ya kai tsofaffinsa banki cikin 'yan kwanaki ko su zama takardar ƙunshe ƙosai. Aka zazzage gwangwani a kan tabarma, muka ƙirga har sau biyu. Kawu ya sayi ƙwaryar goro, fari da ja, aka jera a ɗanyen ganye aka yayyafa ruwa aka ɗaure a algarara, ya danƙa wa direban da ke kai mana batiri, ya ce ya canja kuɗin, ya tambayi gidan Haruna Uji, ya miƙa da gaisuwa daga Kafin Hausa. Direba ya dawo da batiri. Ya ce an ce an gode. Muka karɓa a haka.

Sai da na zama akawu a Dutse, bayan an yanke mana Jigawa a 1991, ina karance-karancen da zaman ofis kan sa mutum, na tarar ashe a shekarar nan ta canjin kuɗi aka kafa wata ƙungiya a Legas, MCSN, wadda aikinta ke nan, karɓar wa mawaƙa ladan waƙoƙinsu daga hannun masu naɗa da masu sakawa. Ashe kuma a Amurka tun 1909 suka yi wa abin doka, saboda wani fiyano da ke kaɗa kansa da naɗaɗɗiyar takarda mai huji-huji. Dokar ta ce in dai mai waƙa ya riga ya fitar da ita kasuwa, kowa yana iya sake rera ta ya naɗa ya sayar, ba sai ya durƙusa wa kowa ba, ya dai sanar, kuma a kan kowane kwafi akwai santi 2 na wanda ya tsara ta. Santi biyun nan bai motsa ba sai a 1978, a 2023 kuwa ya kai santi 12. Kwafi-kwafi suke ƙirgawa. Na aje takardar na yi ta murmushi ni kaɗai, ina tuna Kawu, wanda iyakarsa Kano, yana huda murfin gwangwani da wuƙar yankan sabulu. Sai dai Amurkawan sun gindaya sharaɗi: ba ka da ikon sauya ainihin karin, ko ka juya waƙar ta zama wata aba daban, sai da yardar mai ita. Da Talatu da Larai sun sha tambayoyi.

A takarda kuma waƙa ɗaya masu ita biyu ne, wanda ya tsara baiti da kari, da wanda ya naɗi muryar a faifai. Mai sake rerawa da bakinsa na farkon kaɗai ke binsa. Mai kwafar faifan wani kuwa su biyun ne a wuyansa, wannan kam ɗakin dama na rikodar Kawu ya san labarinsa, amma bari in bar bawan Allah ya huta.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Solomon Linda, ɗan ƙabilar Zulu. A 1939 ya naɗi "Mbube" a kamfanin Gallo da ke Johannesburg, aka sallame shi da sule goma. Waƙar ta haye teku, aka sake mata baituka da Turanci, wannan ya rera wancan ya rera, har ta shiga fim ɗin The Lion King a 1994, shi kuwa ya rasu tun 1962, iyalinsa suka yi shekaru ba su iya sa wa kabarinsa alama ba, sai a 2006 aka sasanta da 'ya'yansa mata. Na san nauyin sule goma a tafin hannu. Ba ya cika shi.

Dokar da muka daɗe da ita a nan ta 1988 ce, hukumar kula da haƙƙin mallaka ta fara aiki a 1989, sabuwar dokar kuma Muhammadu Buhari ne ya sa mata hannu a watan Maris na 2023, shi dai wanda ya canja launin kuɗi ya sa muka zazzage gwangwani. Ta ce waƙa tana hannun mai ita muddin ransa, sannan magada su riƙe ta shekara 70 bayan rasuwarsa. Na zauna na yi lissafi irin na Kawu. Shata ya rasu a 1999, ke nan "Bakandamiya" tana da masu ita har ƙarshen 2069. Ɗan Maraya 2015, har 2085. Lokacin ko jikokina sun yi furfura.

Yaron nan dai bai yi nisa ba. Baffa ya ce a gidanmu ba a gaji roƙo ba, aka tura shi makarantar kwana da akwatin ƙarfe da garin kwaki, gurminsa ya yi tsatsa a saman rumbu. Fiyano ya shigo, faifan CD ya zo ya wuce, shagon Kawu yanzu cajin waya ake yi a ciki, yara suna tura maka waƙoƙi cike da memori kafin ka shanye ruwan leda.

Akwai wata waƙar Baba mai kalangu da ta maƙale mini, ta dandali, nakan yi ta ƙasa-ƙasa in ina gyaran fitila ko ina jiran shayi ya huce. Ɗan ƙanwata, da ke karatu a Jami'ar Sule Lamiɗo nan Kafin Hausa, ya ji ta a bakina, ya kai ta situdiyo a Dutse aka ɗora mata fiyano, yana so ya sa ta a YouTube da sauran wuraren da ake biya in an saurara. Sai ya ci karo da fom yana tambayar wanda ya tsara waƙar. Ya zo da waya a hannu. "Kawu, sunan wa zan rubuta?" Na waiga in ga wanda yake kira. Ashe ni ne.

Muka sayi goro muka nufi gidan 'yar Baba, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Tun daga zaure warin daddawa ya gaya mana tana nan. Mun same ta a kan tabarmar kaba tana mulmulawa tana jerawa a faifai, hannu baƙi ƙirin, ƙudaje suna shawagi. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Dutse ɗaya-ɗaya har da waɗanda suka rasu. Na yi mata bayani, yaron ya kunna, ta goge hannu a zane ta kara wayar a kunne, ta runtse ido ɗaya.

"Wa ke korarsa yake wannan gudun? Ba haka ake sauke ta ba." Ta rera masa wurin da muryarta mai rawa, ya sa ta maimaita, ya naɗa.

Na ce, "Gwaggo, izini muka zo nema, tunda waƙar Baba ce."

Ta kwashe da dariya har faifan ya karkace. "Ta wa? Wa ya gaya muku? Ta Inna ce. A bakin dutsen niƙa take yinta tun ina goye, shi yana zaure yana kasa kunne, ya ɗauka ya sa mata kalangu ya fita da ita dandali. Har ta koma ga Allah ko sisi bai taɓa ba ta ba, ko sunanta bai taɓa faɗa ba."

Na buɗe baki zan kawo zancen kwabon farko da haɓar riga, na fasa. Yaron ya dube ni, ya dube ta, yatsansa yana kan fom.

"To Iya, wa zan sa?"

Ta jawo ƙullin goron ta kwance, ta zaɓi fari ta ɓantara, sauran ta tura ƙarƙashin cinya.

"Sa Inna. In kuma kuɗin sun zo, nan za a kawo mini. Kada in ji an kai wa 'yan ɗakin can, uwarsu ko taɓi ba ta iya ba."